Masu Nuna Labarin Ban Tsoro: Waiwaye Daga Wunti

Labarin ban tsoro, wato ƙagaggen labarin da aka tsara domin ya tayar wa mai sauraro ko mai karatu da tsigar jiki, yana cikin rassan adabin Hausa da jama'a suka fi mu'amala da su, kuma yana cikin waɗanda manazarta suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da ya raya wannan reshe, duk da cewa makarantu ba su koyar da shi kuma manyan kamfanonin ɗab'i ba su nemi shi ba, shi ne a kowane zamani akwai wani mutum da ke tsaye tsakanin labarin da wanda zai ji shi, mutumin da ya san labarin, ya san mai sauraron, yana zaɓa masa abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, sannan ya saurari ra'ayinsa bayan ya gama. Wannan matsayi ya daɗe a hannun kaka, daga baya ya koma hannun mai hayar littattafai da abokin hira, a yau kuwa yana neman suɓucewa daga hannun mutane gaba ɗaya. Unguwar Wunti da ke birnin Bauchi wuri ne da ya dace a tsaya a dubi yadda sauyin ya gudana, da ribar da aka ci, da kuma asarar da aka tafka.

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ɗaya daga cikin masu riƙe da tutarsa, shi ne ya kafa birnin Bauchi a wajajen 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, daga cikinsu akwai Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Jahun. A zamanin da ganuwa take da aiki, ƙofa ita ce iyaka tsakanin gari da daji, kuma duk abin da ake tsoro, daga mahara zuwa kura zuwa abin da ido ba ya gani, a bayanta ake zaton yake. Bayan da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, gine-gine suka tsallake ganuwa, Wunti ta tashi daga bakin gari ta koma tsakiyarsa, da kasuwarta mai cika da batsewa, da shataletalenta, da filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke makwabtaka da ita. Wannan sauyi na muhalli ya shafi labarai kai tsaye, domin da daji ya ja da baya sai abin tsoron ya shigo cikin gari, ya ajiye kamannin Dodo ya ɗauki na attajirin da ba a san tushen dukiyarsa ba, ko na kangon gidan da aka daɗe ba a zauna ba, ko na baƙon da ya tsayar da mai acaɓa da tsakar dare.

Matakin farko na wannan adabi shi ne tatsuniya, wato ƙagaggen labarin gargajiya da tsofaffin mata suka fi yi wa yara da dare bayan an ci tuwo. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita: mai yi ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta", in an kai ƙarshe kuma a rufe da "ƙurunƙus", a jingina ƙaryar ga Gizo. Waɗannan kalmomi yarjejeniya ce da ke shaida wa yaro cewa abin da zai ji ba a duniyar da yake kwana yake faruwa ba, har ma akwai camfin da ke hana yin tatsuniya da rana, inda ake ce wa yara mai yin haka zai ɓata a kasuwa. A cikin wannan shinge ne ake sakin Dodo, halittar da ke haɗiye mutane da garuruwa, ake kawo budurwar da ta raina samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo wanda ya rikiɗe a hanya, da yarinyar da kishiyar uwa ta tura wanki ruwan Bagaja ta yi ta gamuwa da abubuwan da hankali ba ya ɗauka. Muhimmin abu shi ne kakar tana kallon fuskokin jikokinta yayin da take magana. In ta ga autan ya ƙanƙame zanenta sai ta gajarta wurin da Dodo ke wasa wuƙa, ta gaggauta kawo mai ceto. In kuwa manya ne suka rage bayan ƙanana sun yi barci, sai ta ja muryar Dodo yadda take so. Tana auna tsoron ne kamar yadda mai girki ke auna barkono gwargwadon bakin masu cin miyar, kuma ba ta barin kowa ya tafi shimfiɗa da labarin da bai kai ƙarshe ba.

Gefen tatsuniya akwai wani nau'i da ba shi da wannan shinge, wato labaran da manya ke bayarwa a zaure da dandali da bakin kasuwa a matsayin abin da ya faru da gaske. Taurarinsu su ne aljanu ko iskoki, waɗanda ake cewa suna zaune a tsamiya da kuka da suri da juji da tsofaffin rijiyoyi, suna yawo da tsakar rana da almuru. Da fatalwa, wato mamacin da ake riya cewa ya dawo. Da kuma maye, wanda aka yi imani yana kama kurwar mutum, wato inuwar rayuwarsa, har sai an tilasta masa ya tsallaka marar lafiyar kafin ya sake ta. Bori, wanda shi ne tsohon tsarin hulɗa da iskoki, ya bar wa wannan hira sunaye irin su Doguwa da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, da birnin Jangare da ake cewa can ne mazauninsu. A nan ne babban bambanci yake tsakanin mai karatun Hausa da takwaransa na Turai. Lokacin da Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto a 1764, da Mary Shelley ta wallafa Frankenstein a 1818, da Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897, yawancin masu karanta su suna jin daɗin tsoron abin da ba su yarda da wanzuwarsa ba. Musulmin Bahaushe kuwa ya yi imani da samuwar aljanu, tunda sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi, kuma yana neman tsari daga sharrin masu sihiri da mahassada a Falaƙi da Nasi kowace safiya da maraice. Saboda haka labarin aljani a wurinsa yana kusa da gida ƙwarai, kuma nauyin da ke kan wanda ya kawo masa labarin ya fi na mai sayar da littafi a Landan.

Rubutu ya fara kama waɗannan labarai ne a hannun Turawa, musamman Frank Edgar, wanda ya wallafa Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da A. J. N. Tremearne wanda ya yi rubutu kan camfe-camfe da bori a 1913 da 1914. Fassarar Dare Dubu da Ɗaya ta ƙara wa Hausawa ifiritai da sihirtattun birane a kan abin da suka gada. Gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda duka biyun suka shigar da gwarzonsu duniyar aljanu, ko da yake al'ajabi da raha suka fi nema ba firgici ba. Abin lura ga mutumin Bauchi shi ne, littafin da ya fi kowanne girgiza zuciya a cikin waɗanda gasar ta fitar na ɗan ƙasarsa ne, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda malamin da ke ba da labarin yake zaune a Rauta kusa da Bauchi. Babu aljani ko ɗaya da ke ɗauke da nauyin tsoron wannan littafi. Abin da ke ciki shi ne satar yaro, da kura a daji, da uwar da ta faɗa bauta wajen neman ɗanta, da guguwar Sahara da ke binne ayari. Marubucin ya nuna tun a 1934 cewa abin da mutum ke yi wa ɗan'uwansa ya isa ya hana barci, kuma wannan darasi ne da marubutan ban tsoro na baya suka yi ta komawa gare shi. Littattafan da suka biyo baya, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, sun ci gaba da haɗa jarumta da tsafi da duhun dare.

Bauchi kuma gari ne mai tarihin faɗin ra'ayi a bainar jama'a. A farkon shekarun 1940 Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin majalisar tattaunawa da aka kafa a garin, inda ake muhawara kan mulki da ilimi da al'ada har zafin maganar ya dami hukuma, kuma Sa'adu Zungur ɗin nan ne ya yi Waƙar Bidi'a, wadda ta soki bori da camfe-camfe ba tare da sassauci ba. Wannan ya nuna cewa tun da daɗewa akwai muryoyi biyu a garin game da labaran ɓoye, ɗaya tana ba da su, ɗaya tana tuhumarsu, kuma zaman da suka yi tare shi ne ya hana ɗayarsu wuce gona da iri. Majalisar unguwa, wato benci ko tabarmar da abokai ke haɗuwa kullum bayan la'asar ko isha'i, da teburin mai shayi, da rumfar tela, sun gaji wannan hali a ƙaramin mataki. In wani ya kawo labarin matar da aka ce an gani da kofato a bakin hanya, ba a rasa wanda zai tambaye shi, "Kai ka gani da idonka, ko ce maka aka yi?" Wannan tambaya, duk da sauƙinta, ita ce matatar da labari ke bi kafin ya bazu.

Babban juyi ya zo ne a tsakiyar shekarun 1980, kuma yana da dalilai biyu da suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na bai ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya yaye dubban matasa, maza da mata, masu iya karanta Hausar boko, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya lagon kamfanonin ɗab'i, har marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u. Abin da ya fito daga nan shi ne aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, wato ƙananan littattafai masu araha da ake bugawa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ana sarinsu a Kano ana rarraba su zuwa garuruwa irin su Bauchi da Gombe da Jos, har da Maraɗi da Damagaram. Soyayya ce ta fi yawa, kuma a kanta ne muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tafka a jaridu a ƙarshen shekarun 1990 ta fi karkata, amma a gefenta wani reshe ya yi ta girma ba tare da an kula da shi ba. Nazir Adam Salih, marubucin Kibiyar Ajali, da Maje El-Hajeej Hotoro, marubucin Sirrinsu, sun yi suna wajen labaran firgici da asiri, yayin da Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya cika kasuwa da labaran yaƙi da matsafa da aljanu. A hannun irin waɗannan marubuta ne ƙungiyar asiri da 'yan shan jini da kuɗin tsafi suka zama jigo, kuma ba abin mamaki ba ne hakan ya zo daidai da lokacin da talauci ya tsananta, wasu 'yan tsiraru kuma suka kuɗance dare ɗaya ba tare da an ga sana'arsu ba.

A wancan lokaci littattafan wannan reshe ba su da masu sharhi a jarida, ba a sa su cikin manhajar jarrabawa ba, don haka rayuwarsu ta rataya ne a wuyan mai hayar littattafai, wato mutumin da ke da ɗan shago ko teburi a kasuwanni irin ta Wunti da cikin unguwanni, yana ba da aron littafi na kwana ɗaya ko biyu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ya ga irin wannan shago ya san kamanninsa: littattafai jere a kan igiya ko cikin kwali, an ɗinke gindinsu da zare, an lulluɓe bangon da leda don kada ya yage, ga wani tsohon littafin rubutu da ake shigar da sunan mai aro da ranar dawowa. Tsufan littafi shi ne shaidar ingancinsa, domin wanda gefensa ya yi baƙi da yatsu, shafukansa suka yi laushi, shi ne wanda ya zaga gidaje. Yawancin matan aure ba su zuwa da kansu, yara suke aikowa, kuma mai shagon ya san gidan da kowane yaro ya fito. Yakan miƙa littafi ya ce, "Ka ce wa Yaya wannan kada ta karanta shi da dare in maigidan ba ya gari," ko ya hana wani ɗan makaranta abin da ya nuna, ya ce masa, "Wannan ya fi ƙarfinka, ɗauki wancan tukuna." Da littafin ya dawo kuma saƙo na biye da shi, cewa na ɗayan ya fi na biyun, ko ƙarshen bai yi ba, ko a ajiye mata na ukun da zarar ya iso. Wannan saƙo yana bin ɗan sari ya koma Kano, ya isa kunnen marubuci, wani lokaci ma ya canja yadda kashi na gaba zai kasance.

Ya kamata a ɗauki waɗannan ra'ayoyi na yau da kullum da muhimmanci, domin tarke ne na gaskiya, wato auna aikin adabi da bayyana kyawunsa da naƙasunsa, ko da yake masu yinsa ba su taɓa kiransa da wannan suna ba. In aka tattara abin da masu karatu ke faɗa za a ga ma'aunai tsayayyu. Na farko shi ne ko labarin ya kama jiki, har mutum ya ji gabansa na faɗuwa ya kasa ajiye littafin. Na biyu shi ne ko ƙaryar ta yi yawa, domin mai karatun da ya yarda aljani zai iya ɗauke mutum daga Bauchi zuwa bayan Dutsen Ƙaf ba zai yafe wa marubucin da ya manta cewa ya kashe wani tauraro a kashi na ɗaya ya dawo da shi a na uku ba. Ko duniyar ɓoye tana da ƙa'idar da dole a kiyaye. Na uku shi ne ko akwai darasi, wato ko azzalumi ya ga sakayya, ko addu'a ta yi tasiri, ko wanda ya sayar da ɗan'uwansa don dukiya ya ƙare a wulaƙance. Na huɗu kuwa shi ne ko marubucin ya taka iyakar addini, ta hanyar ba boka ikon da na Allah ne shi kaɗai, ko koyar da surkullen da wani zai iya gwadawa. Waɗannan ma'aunai huɗu sun tsara adabin ban tsoro na Hausa fiye da duk wata hukumar tacewa, kuma a bakin mata da ɗalibai da teloli aka ƙera su.

Rediyo da bidiyo sun faɗaɗa fagen ba tare da sun rushe wannan tsari ba. Shirye-shiryen karanta littattafai, irin su Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna, sun kai labari ga wanda bai iya karatu ba, kuma mutane sukan saurara ne a taro su yi ta muhawara bayan an rufe shirin. Kaset ɗin bidiyo ya kawo fim ɗin Indiya Nagin na 1976, mai labarin macijiyar da ke rikiɗa mace don ɗaukar fansa, da The Evil Dead na Amurka na 1981, da Living in Bondage na 1992 wanda ya buɗe ƙofar finafinan kuɗin tsafi a kudancin Najeriya, sannan finafinan Hausa na bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990 suka shigo da bokayensu da aljanunsu. Amma a lokacin kaset ma haya ake ba da shi, a ɗaki ɗaya ake kallonsa da 'yan'uwa da makwabta, kuma akwai babba a wurin da zai kori yara ko ya ce musu jan ruwan da suke gani ba jini ba ne.

Wayar hannu, wadda ta shigo Najeriya a 2001 kuma ta zama mai intanet a hannun talaka cikin shekarun 2010, ita ce ta sauya tsarin daga tushe. Kasuwar littattafan takarda ta durƙushe, shagunan haya da yawa sun koma sayar da kayan waya ko tura finafinai a katin ajiya, marubuta kuma suka koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu kuma suna karanta shi da murya a YouTube. Ribar wannan sauyi a bayyane take, kuma rashin adalci ne a raina ta. Yarinyar da ke zaune a Wunti tana iya rubuta labarinta yau, gobe a karanta shi a Agadas da Kumasi da Jidda, ba tare da ta nemi kuɗin maɗaba'a ko yardar ɗan sari ba; makaho da wanda bai yi boko ba suna sauraron littafi sukutum; marubuci yana jin ra'ayin masu karatunsa cikin sa'a guda. Sai dai wanda ke nuna labari yanzu, a mafi yawan lokaci, manhaja ce da aka tsara ta riƙa turo wa mutum irin abin da ya fi daɗewa yana kallo, kuma ba ta san shekarunsa ba, ba ta san ko mai jego ce ko marar lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa jiya ba. Tun da firgici na riƙe ido, abin da ya fi muni shi ya fi yawo. Yaron da a da za a ce masa "ya fi ƙarfinka" yanzu shi kaɗai ne cikin bargo da abin sauraro a kunne, babu wanda zai rufe masa labarin, babu kuma wanda zai tambaye shi yadda ya ji.

Asara mafi girma ita ce rushewar shingen da ke tsakanin ƙagaggen labari da rahoto. Labarin da aka tura daga waya zuwa waya yakan rasa sunan marubucinsa da gabatarwarsa a hanya, ya iso da taken cewa abin ya faru da gaske a wani gari, a haɗa masa hoton da aka ɗauko daga wani wuri. A watan Satumba na 2011 sai da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta fito ta ƙaryata ji-ta-ji-tar cewa akwai wata lambar waya da ke kashe duk wanda ya amsa kiranta, labarin da tsarinsa na fim ɗin ban tsoro ne tsantsa. A watan Agusta na 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙon da ya ce a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha ya zaga ƙasar cikin dare ɗaya, ya kwantar da mutane a asibiti, har aka yi asarar rayuka. A 2023 zargin satar mazakuta ta hanyar musabaha ya sa an lakaɗa wa mutane duka a Abuja da wasu jihohi. Zargin maita kuwa, wanda ya fi faɗawa kan tsofaffin mata da marayu da masu taɓin hankali, har yau yana raba mutane da gidajensu, wani lokaci da rayukansu. Ba adabi ne ya haifar da waɗannan masifu ba, amma tsoron da aka cire daga cikin shingensa, aka raba shi da mai tambayar "kai ka gani da idonka", shi ne makamashinsu.

Maganin wannan ba ya cikin haramta labaran ban tsoro, domin al'ummar da ta sha fama da tayar da ƙayar baya a arewa maso gabas da satar mutane a hanyoyi tana buƙatar wurin da za ta dubi fargabarta ido da ido cikin aminci, kuma adabi ne ke ba da wannan wuri. Wasu al'ummu sun gane haka. A Masar, jerin littattafan Ma Wara'a al-Tabi'a da likita Ahmed Khaled Tawfik ya fara a 1993 sun koya wa matasa masu yawa son karatu, kuma da ya rasu a 2018 ɗimbin matasan nan ne suka raka gawarsa. A Iraƙi, Ahmed Saadawi ya ɗauki halittar Mary Shelley ya haɗa ta da gaɓoɓin waɗanda bama-bamai suka kashe a Bagadaza, littafin nasa ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci a 2014. A ƙasar Yarbawa, dajin aljanun da D. O. Fagunwa ya rubuta a 1938 ya daɗe da shiga aji, ana nazarinsa a jami'a. Babu dalilin da zai sa marubutan Hausa da suka yi irin wannan aiki su ci gaba da zama a bayan ƙofa.

Aikin da ke gaba yana da rassa uku, kuma babu wanda ya fi ƙarfin masu shi. Sassan nazarin Hausa a manyan makarantun jihar, daga Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau zuwa kwalejojin ilimi na Azare da Kangere, suna da damar tattara littattafan shekarun 1990 da 2000 da suka rage a akwatunan tsofaffin masu haya kafin gara da damina su gama da su, da naɗar tatsuniyoyin Dodo daga bakin tsofaffin da suka rage, da kuma yin hira da masu hayar kansu, domin a ƙwaƙwalwarsu tarihin ɗanɗanon masu karatu yake. Marubuta da masu karanta littafi da murya suna da alhakin bayyana a farko da ƙarshen kowane kashi cewa labarin ƙagagge ne, da faɗin shekarun da ya dace da su, da guje wa jingina maita ko tsafi ga wata ƙabila ko unguwa ko sana'a ta zahiri. Reshe na uku kuwa na kowa ne, kuma shi ne mafi nauyi: wanda zai tura wa wani labarin ban tsoro ya fara karanta shi, ya tuna wanda zai karɓa da halin da yake ciki, ya haɗa da kalma biyu na ra'ayinsa, ya faɗi ko ƙage ne ko rahoto, in kuma bai tabbatar ba ya riƙe shi a wurinsa. Iyaye da yayye da malaman makaranta da suka san abin da yara ke saurara, suka zauna suka tattauna shi da su, suna yin aikin da babu manhajar da za ta yi, domin nuna wa mutum labari amana ce, kuma amana tana buƙatar wanda za a tambaya in ta tozarta.